Juya teburin maki zuwa burodshit: CASE, PIVOT, crosstab, ko a fito da shi waje?

Teburin maki a manhajar makaranta a tsaye yake, dogo, kowane layi ɗalibi ɗaya, darasi ɗaya, maki ɗaya. Aji mai yara 60 da darussa 12 layi 720 kenan a zango guda, kuma haka ɗin shi ne daidai, kar wani ya ce maka ka canza tsarin ajiyar. Matsalar dai shugaban makaranta ba wannan yake son gani ba, shi burodshit yake so, sunan yaro a hagu, darussa a jere a sama, Hausa, Lissafi, Turanci, a ƙarshe jimla da matsayi. Mai kula da kuɗi shi kuma so yake ya ga kowane aji maza nawa mata nawa, nawa suka biya nawa ba su biya ba. Wannan kwantar da tsayayyen tebur ɗin shi ake ce wa fibot, kuma hanyoyinsa da yawa, sai dai ba kowacce ce take aiki a kowane databes, wato manhajar da ke ajiye bayanan, ba, wasu kuma suna ba da amsar ƙarya ba tare da sun nuna ko ja ɗaya a allo ba, wannan ne ma ya fi damuna don sakamakon yaran mutane ne ake magana.

Kafin a zo kan zaɓi sai an gyara ƙidaya tukuna, don duk hanyar da ka bi a kanta take zaune. COUNT(*) layuka yake ƙirgawa, komai ke ciki. COUNT(maki) kuwa tsallake duk inda makin yake NULL, wato fanko, yake yi. Wato in yaro bai zauna jarrabawar Lissafi ba aka bar wurin fanko, na farkon zai ce yara 60, na biyun ya ce 59, kuma dukansu gaskiya suka faɗa, tambayoyinsu ne daban. Inda abin yake cizo shi ne AVG mai fitar da matsakaici, shi ma tsallake NULL yake yi, sai ka ga yaron da ya rubuta darussa 9 cikin 12 an raba masa jimlarsa gida 9, ya haye kan wanda ya zauna duka 12 ɗin. In dokar makarantar ita ce wanda bai zauna ba sifili ne, to sai ka faɗa wa kwirin, wato umarnin SQL da kake rubuta wa databes, da kanka, AVG(COALESCE(maki, 0)), kuma wannan ma sai in layin yana nan da fankon a ciki, in ba a shigar da layin ba kwata-kwata to SUM ɗin za ka raba da yawan darussan ajin. Ni dai ba na son a riƙa ajiye 0 a madadin fanko tun daga shigarwa, don daga nan ka rasa bambancin wanda ya faɗi da wanda ba shi da lafiya ranar.

Sai haɗa tebura. In ka yi LEFT JOIN daga azuzuwa zuwa biyan kuɗi don ajin da babu wanda ya biya shi ma ya fito, COUNT(*) zai ba wa wannan ajin 1 ba 0 ba, tunda layin ajin yana nan da fanko a gefensa, don haka lambar rasit za ka ƙirga ba tauraron COUNT(*) ba. Wanda ya fi wannan muni, ka haɗa teburin maki da na biyan kuɗi a kwiri ɗaya sannan ka yi SUM na kuɗin: yaro mai darussa 12 kuɗinsa zai ninku sau 12. Kowanne ka tara shi a nasa kwirin, sannan ka haɗa sakamakon. Kuma don Allah a riƙa yin GROUP BY da lambar ɗalibi ba da suna ba, aji ɗaya sai ka sami Aisha uku, biyu ma sunan mahaifinsu ɗaya.

To yanzu hanya ta farko, wadda ni ita nake fara miƙa wa kowa: GROUP BY da CASE a cikin SUM ko MAX.

SELECT aji,
SUM(CASE WHEN jinsi = 'namiji' THEN 1 ELSE 0 END) AS maza,
SUM(CASE WHEN jinsi = 'mace' THEN 1 ELSE 0 END) AS mata,
COUNT(*) AS jimla
FROM dalibai
GROUP BY aji;

Wannan zai gudu a MySQL, MariaDB, PostgreSQL, SQL Server, Oracle, SQLite, ba sai ka canza harafi ba. Sau ɗaya yake bin teburin ya cika duk kwalam-kwalam ɗin a tafiya guda, ba kamar masu rubuta ƙaramin kwiri ɗaya ga kowane darasi ba, ko su haɗa teburin da kansa sau 12, wanda yana aiki a kwamfutarka da yara 30 na gwaji amma ranar da aka loda makarantar gaba ɗaya sai shafin ya tsaya yana juyi. Kuma kana da sakewa, kwalam ɗaya ya ƙirga mata, na kusa da shi ya tara kuɗin da aka biya a zango na biyu kawai, na uku ya ƙirga waɗanda makinsu ya gaza 40, kowanne da nasa sharaɗin. Abin lura ɗaya, in COUNT ka sa maimakon SUM to kar ka rubuta ELSE 0, don 0 ba fanko ba ne, COUNT zai ƙirga shi, sai maza 60 mata 60 a ajin yara 60. Jimlar da ke ƙarshe ma tana da amfani, in maza da mata ba su kai ta ba ka san akwai yaran da ba a cike musu jinsi ba ko an rubuta shi wani iri.

Burodshit ɗin ma haka ne, MAX(CASE WHEN darasi = 'Lissafi' THEN maki END) AS lissafi, ka maimaita ga kowane darasi. MAX ɗin ba wai muna neman mafi girma ba ne, GROUP BY ne yake tilasta a sa wani mai tarawa irin su SUM ko MAX, kuma tunda maki ɗaya ne a gurbin shi zai ɗauko. Amma fa in malami ya shigar da makin yaro sau biyu, 45 da 54, MAX zai ɗauki 54 ya yi shiru abinsa. Shi ya sa kafin a buga sakamako yana da kyau a gudu da wannan: GROUP BY dalibi, darasi, zango HAVING COUNT(*) > 1, in wani abu ya fito a gyara. Mafi alheri ma a sa UNIQUE a kan waɗannan kwalam ɗin har da shekarar karatu, databes ɗin ya ƙi karɓar na biyun tun farko.

In PostgreSQL kake, akwai rubutun da ya fi daɗin karantawa, COUNT(*) FILTER (WHERE jinsi = 'mace'). Ya shigo tun 9.4 a ƙarshen 2014, SQLite ma ta samu daga 3.30 a 2019. MySQL da MariaDB da SQL Server ba su da shi. Su MySQL suna da tasu gajeruwar, SUM(jinsi = 'mace'), saboda a wurinsu gaskiya 1 ce ƙarya 0, tana da daɗi amma ranar da aka koma PostgreSQL sai an bi an sake rubutawa. In ka san manhajar ba za ta taɓa ƙaura ba yi amfani da su, in kana shakka tsaya kan CASE.

Aibin CASE ɗaya ne kuma ba ƙarami ba: dole ka san kwalam ɗin tun kana rubutu. Jinsi biyu ne, zango uku ne, wata 12 ne, waɗannan ba sa canzawa, CASE ya gama da su. Darussa kuwa 'yan kimiyya nasu daban, 'yan adabi daban, 'yan kasuwanci daban, ga firamare ga ƙaramar sakandare, kuma badi a ƙara wani.

Hanya ta biyu PIVOT, wadda mutane suke ɗauka ita ce maganin wannan aibin saboda sunanta. SQL Server na da ita tun 2005, Oracle tun 11g. MySQL da MariaDB babu, PostgreSQL babu, SQLite babu, wato mafi yawan masu koyo a wajenmu da suke kan XAMPP da phpMyAdmin, kayan gwada manhaja da databes a kwamfutar gida, maganar ma ba ta shafe su ba. Ga wanda yake kan SQL Server kuwa, gaskiya abin da take ba ka kaɗan ne, rubutun ya ɗan gajarta, PIVOT (MAX(maki) FOR darasi IN ([Hausa], [Lissafi], [Turanci])), amma ka duba, darussan dai sai ka jera su da hannunka a cikin IN ɗin, ba ta warware komai ba, kuma wajen sauri kusan aiki ɗaya injin yake yi da na CASE. Sannan ta zo da nata sharuɗɗan. Mai tarawa ɗaya kawai take karɓa, in kana son ƙidaya da jimla tare sai ka yi fibot biyu ka haɗa. COUNT(*) ba ya shiga, sai dai ka ba shi kwalam. Babban tarkon kuma shi ne ba ka rubuta GROUP BY da kanka, duk kwalam ɗin da ba ka ambata ba ita take ɗauka ta yi rukuni da shi a ɓoye, in teburin makin yana da lambar layi ko ranar shigarwa sai yaro ɗaya ya fito a layi 12 kowanne da maki ɗaya sauran fanko. Maganinsa ka fara zaɓo kwalam ukun da kake buƙata a ƙaramin kwiri sannan ka juya wannan. Ta Oracle ta fi sakewa, tana karɓar masu tarawa da yawa a lokaci guda, kuma tana da PIVOT XML da ke nemo kwalam da kanta, sai dai XML za ta miƙo maka ba tebur ba. Ina ga in ka tarar da PIVOT a aikin da ka gada ka bar ta, tana aiki, amma sabon rubutu ban ga abin da za ta ba ka wanda CASE bai ba ka ba.

Ta uku crosstab ta PostgreSQL, tana cikin tablefunc, sai ka yi CREATE EXTENSION tablefunc kafin ta samu, kuma wannan ita ce nake so a yi hattara da ita fiye da kowacce. Kwirin a matsayin rubutu kake miƙa mata cikin alamar zance, dole ya dawo da kwalam uku a jere, mai layi, rukuni, ƙima, dole ka yi ORDER BY, sannan a ƙarshe ka jera sunayen kwalam ɗin da za su fito da nau'insu. Duk wannan wahala ce kawai, haɗarin yana nau'inta mai karɓar kwiri ɗaya. Shi ba ya duba wane maki ne na wane darasi, daga hagu yake cikawa zuwa dama yadda suka zo. A ce darussan Hausa, Lissafi, Turanci ne, yaro bai da layin Hausa, to makinsa na Lissafi zai zauna a ƙarƙashin Hausa, na Turanci ya zauna a ƙarƙashin Lissafi, Turanci ya fito fanko, babu kuskuren da zai bayyana, takardar ta fito tsaf, sai uban yaro ya zo yana tambaya ya aka yi ɗansa ya ci Hausar da bai rubuta ba. In dole sai crosstab, yi amfani da mai kwiri biyu, na biyun ya jera darussan, shi yana sa kowanne a gurbinsa. In kuma kallo kawai kake so ka yi a psql, wurin buga umarni na PostgreSQL, akwai \crosstabview tun 9.6, ka rubuta GROUP BY ɗinka ka ƙare da shi, zai nuna maka a kwance ba tare da ka jera komai ba, amma nuni ne kawai, manhajarka ba za ta iya kiransa ba.

To ya za a yi da darussan da ba a san yawansu ba? Dalilin da ya sa duk suke cijewa a nan shi ne databes yana son sanin kwalam nawa zai dawo da su tun kafin ya fara karanta bayanan. Abin da ake yawan yi shi ne a sa SQL ya rubuta SQL, a MySQL a tattaro darussan da GROUP_CONCAT a gina jerin CASE ɗin a matsayin rubutu sannan PREPARE da EXECUTE, a SQL Server STRING_AGG, wanda ya zo a 2017, da sp_executesql. Yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Amma ga abin da ke jiran ka. A MySQL iyakar GROUP_CONCAT ta asali 1024 ce, kowane guntun CASE yana cin harafi wajen 60, kafin ka kai darasi 20 ya yanke rubutun a tsakiya, gargaɗi kawai zai bayar, sai PREPARE ya fashe da kuskuren da ba ya nuna maka asalin ciwon. MariaDB kuwa, wadda ita ce a cikin XAMPP, tun 10.2 ta ɗaga tata iyakar zuwa sama da miliyan, wato a laftof ɗinka lafiya lau, ka ɗora a hostin mai MySQL, wato inda ake ajiye manhajar a intanet, ya ƙi. Sai ka sa SET SESSION group_concat_max_len da kanka. Na biyu alamar nan ta ɗauri, darasi kamar Kur'ani, ko in sunaye kake juyawa Asma'u da Sa'adatu, alamar za ta rufe zancen kafin lokaci kwirin ya karye, kuma ƙofar da ta karya kwirin ita ce dai ƙofar da mugu zai bi ya cusa nasa umarnin. QUOTE a MySQL, QUOTENAME a SQL Server, format mai %L da %I a PostgreSQL, babu wanda za a tsallake. Ga shi kuma wanda zai gaji aikin bayanka zai sha wuya kafin ya gane me ke gudu.

Tunda an ambaci bambancin XAMPP da hostin, ga wani ɗan'uwansa. MySQL tun 5.7 ta kunna ONLY_FULL_GROUP_BY, MariaDB ba ta kunna shi da kanta ba, sai kwirin da ya zaɓo suna da maki alhali aji kawai aka yi rukuni da shi ya gudu a gida ya ƙi a can. Shawarar da za ka fi gani ita ce a kashe shi, ni kuwa ina roƙon kar a kashe, don abin da yake faɗa maka shi ne a cikin yara 60 ba ka gaya masa na wa zai ɗauko ba, in ka kashe zai ɗauko wanda ya ga dama.

Hanyar da nake ganin ta fi ga kwalam masu canzawa ita ce a raba aikin biyu: databes ya tace ya tara, juyawar a yi ta a waje. Ka sussuke a gona ka ɗauko tsaba, kar ka kwaso zangarniya gaba ɗaya zuwa gida. Kwiri ɗaya mai sauƙi, lambar ɗalibi, darasi, maki, WHERE aji da zango, layi 720 ɗin nan, sai PHP ko Python ɗinka ya zuba su a jeri mai hawa biyu, ɗalibi sannan darasi, ya zana teburin, gurbin da babu komai ya sa 'yar sanda ko ya rubuta bai zauna ba. Jerin darussan daga teburin darussan ajin za ka ɗauko shi ba daga makin ba, don darasin da malaminsa bai shigar da komai ba shi ma ya fito a fanko a gan shi. An ƙara darasi badi, ba ka taɓa kwirin ba. Ga manhajar makaranta wannan nake ba da shawara kai tsaye.

In kuma ba manhaja kake ginawa ba, rahoto ne na lokaci ɗaya, Excel ya wadatar kuma mai kula da kuɗi zai iya ja da ajiyewa da kansa ba sai ya kira ka ba. Iyakarsa layi 1,048,576 a shafi, makaranta ɗaya ba za ta kai nan da wuri ba amma bayanan jiha za su kai, shi ya sa tarawar farko a databes take da muhimmanci. A kula da abu biyu, fibot ɗin Excel ba ya sabunta kansa in bayanai sun canza sai an danna masa, kuma in akwai rubutu a kwalam ɗin maki, kamar wani ya rubuta ABS, sai ya koma ƙirgawa maimakon tarawa. Masu pandas na Python su kuma su tuna pivot_table matsakaici yake ɗauka in ba ka faɗa masa aggfunc ba, wato 45 da 54 ɗin nan za su zama 49.5. DuckDB ma ya cancanci a gwada, ƙaramin databes ne da ba ya buƙatar saba (server), yana karanta CSV kai tsaye, kuma tun 2023 yana da PIVOT mai nemo kwalam da kansa, PIVOT maki ON darasi USING max(maki) GROUP BY dalibi, shikenan. Tsofaffin hannu a Microsoft Access sun san TRANSFORM ya daɗe yana yin irin wannan.

Layin jimla a ƙasa ba sai ka yi kwiri na biyu ba, WITH ROLLUP a MySQL, ROLLUP ko GROUPING SETS a PostgreSQL daga 9.5 da SQL Server da Oracle, kuma yana tafiya da CASE lafiya. SQLite ce babu, sai UNION ALL. Kashi cikin ɗari kuma, a PostgreSQL da SQL Server da SQLite 27 a raba da 60 sifili ne saboda duka cikakkun lambobi ne, sai ka rubuta 100.0 * mata / NULLIF(jimla, 0), NULLIF ɗin don ajin da babu kowa kar ya fasa maka rahoto.

Akwai kuma inda amsar ita ce kar a juya ɗin. Wani zai ce a fito masa da yawan ɗalibai bisa ƙaramar hukumar da suka fito, kowacce a kwalam ɗinta. Kano kaɗai ƙananan hukumomi 44 ne, Najeriya 774, babu takardar da za ta ɗauki wannan a kwance kuma babu idon da zai bi shi. Ka bar ƙananan hukumomin a tsaye a matsayin layuka, abin da yake kaɗan kuma sananne, jinsi ko zango, shi za ka kwantar da CASE. Kuma ka ajiye su a nasu teburin da lamba, mai shigarwa ya zaɓa daga jeri, don in ka bar shi ya buga da hannu Dambatta da Danbatta za su fito rukuni biyu, a PostgreSQL ma har babban baƙi da ƙarami sai sun raba maka su.